Kwalin da Muka Tarar a Ƙofar Sabon Gida

"Ka ɗaga ta wajenka mana, Farfesa! Murhu ne fa, ba littafi ba."

"Na ɗaga, Kawu. Matakalar ce take murɗewa."

"Au, har na zama kawunka? Ba ka ma auri yarinyar ba tukuna. Sauke mana murhun nan lafiya, sannan mu yi maganar dangantaka."

Ina tsaye a barandarmu ta hawa na uku rungume da kwalin kofuna, ina kallon mutumin da yake neman aurena yana shirin mutuwa a ƙarƙashin murhun mahaifiyata. Ɗaya ga watan Mayu ce, ranar da hayar kowa take ƙarewa a Montreal, don haka rabin unguwarmu ta Saint-Henri tana kan titi. Katifu jingine da bango, yara zaune a kan firji, maza suna ta ɗura ashar da sunan duk wani kayan da ke cikin coci. Kawu Ovila, yayan Mama, ya zo da motar da yake rabon burodi da ita. Aurèle kuwa, saurayin nawa da Kawu yake kira Farfesa, ku ji fa masu karatu, da farar riga mai guga ya zo ɗaukar kaya, har da igiyar wuyan nan ta ma'aikatan banki.

"Solange," Mama ta raɗa min, tana gyara hular cocinta mai shuɗin fure wadda ta ƙi sakawa a kwali don kada ta lotse. "Ki buɗe ido ki dubi yaron nan da kyau. Ba ya shan giya, yana da albashi a jami'a, ga shi yana sauke min murhu. Sau nawa zai tambaye ki? Me kike jira, Paparoma ya zo ya roƙe ki da kansa?"

"Mama, yau ranar ƙaura ce."

"Kowace rana da sunan da kike laƙa mata."

Don Allah kada ku ce ba na son Aurèle. Ina son shi har abin yana ba ni haushi. Ina son yadda yake tura tabarau da yatsa ɗaya in zai fara gardama. Na karanta littattafan soyayya kwali-kwali, ban taɓa cin karo da jarumin da kunnuwansa suke yin ja in an kira sunansa ba, amma shi ɗin dai nake so. Abin da ya riƙe min harshe na kasa cewa na yarda, ƙanena ne, Gaétan.

Gaétan yana aiki ne a masana'antar ɗinkin riguna inda Mama take taka keke tun kafin a haife mu. Wata rana shugaban sashensu, Mista Haskell, ya yi masa magana da Ingilishi, shi kuma ya amsa da harshenmu, Faransanci, da gangan. Haskell ya kwaɗa masa mari a gaban mata maɗinka, a gaban uwarsa, ya kore shi. Mama ba ta ɗago kai daga kekenta ba, saboda in ta ɗago ita ma ta bi shi. Gaétan bai yafe wa ko ɗayansu ba. Ya kwashe kayansa ya bar gida cikin sanyin hunturu, ba mu san inda yake kwana ba. Sai daga baya ya tare ni a tashar bas, gemu ya fito masa, ya gaya min da bakinsa cewa ya shiga 'Ya'yan Kogi.

Duk mai rediyo ya san su a lokacin. Su ne suke saka bam a akwatunan gidan waya a unguwannin attajirai 'yan Ingilishi, su bar takardu suna cewa sai jiharmu Quebec ta masu Faransanci ta 'yantu. Na riƙe rigarsa ina kuka, ya ce in na faɗa wa wani, ɗaurin rai da rai ne, kuma ni na ɗaure shi.

Abin dariya, ko in ce abin kuka, Aurèle a kan irin waɗannan ƙungiyoyi yake rubuta digirinsa na siyasa. Sai na mayar da shi maganin barcina. Nakan tambaye shi kamar mai son ilimi, shi kuma ya tura tabarau ya ce, "Mutane suna ɗauka mahaukata ne, ba mahaukata ba ne. Lissafi suke yi kamar ɗan kasuwa. Suna son jaridu, suna son talaka ya so su. Ranar da suka kashe talaka ɗaya, sun yi asarar dubu. Ba za su yi abin da ba shi da riba ba." Da wannan maganar nake kwanciya. In ba za su kashe kowa ba, to shirun da na yi bai cuci kowa ba. Amma ta yaya zan tsaya a gaban fada a coci in yi wa mutum alkawarin rayuwa da irin wannan abu a ƙirjina?

Mama ma da nata sirrin. Gidan da za mu koma a Verdun, gidan da Haskell yake haya ne. Ta ji shi a waya yana cewa ya sayi ɗan gida a bayan gari, ta bar abincin ranarta ta ruga wajen mai gidan ta kama. Hawa na ƙasa ne, kuma da bahon wanka. Shekara da shekaru a roba muke wanka a kicin. "Zan jiƙa ƙafata a inda ya jiƙa tasa," in ji ta. "Amma kada wanda ya gaya wa Gaétan sai mun shiga. Zai zo ya yi min hauka a titi."

Muna cire labulen ƙarshe wayar bango ta yi ƙara. Na ɗauka.

"Babbar yaya, ni ne."

"Gaétan! Kana ina? Kawu ya kusa karya baya, kai kana can."

"Ki ce wa Mama ta yi haƙuri, ina da aiki. Ina kuka samu?"

Mama ta matso, ta ɗora yatsa a leɓe tana zare min ido.

"Ta ce da kanta za ta gaya maka."

"Wani ramin ɓeran ne dai. To ki kunna rediyo yau. Ranar ma'aikata ce, za ki ji mu."

Na juya wa Mama baya, na rufe bakin wayar da tafin hannu. "Ka rantse min ba mutane."

"Ƙofa ce kawai, ƙofar wani azzalumi. Yana wurin aiki da rana, matarsa kuma duk Alhamis tana gidan ƙanwarta. Mun yi nazari, Solange, mu ba yara ba ne."

Ya ajiye. Mama ta ce, "Ya ci abinci kuwa?" Na ce ban tambaya ba.

Ita da Kawu suka shiga gaba, ni da Aurèle muka zauna a bayan motar tsakanin katifu, ƙanshin burodin safe yana tashi daga katakon. Rigarsa ta yi baƙi-baƙi da man murhu. Ya kama hannuna, kunnuwan nan suka yi ja.

"Goggona ta ba ni zobenta. Yana aljihuna tun bikin Ista, har ya fara huda shi."

"Ka bari mu shiga gida tukuna." Na matse hannunsa. "Aurèle, da kai ne 'Ya'yan Kogi, yau ranar ma'aikata, ina za ka kai hari?"

"Ina maganar zobe kina maganar bam." Ya yi dariya, amma ya tura tabarau. "Wuri mai suna. Hedikwatar wani babban kamfani, ko ƙofar wani hamshaƙi a kan dutsen Westmount, wanda jarida za ta buga hotonsa a shafin farko. Hari saƙo ne, dole kowa ya iya karanta shi."

"Ba unguwar talakawa ba?"

"Me za su samu? Ko kusa."

Na kwantar da kaina a kafaɗarsa. Na rantse muku har gyangyaɗi na yi.

Layin Verdun ma a hargitse yake. Masu fita suna fita, masu shiga suna shiga, kwalaye a kan kowace matakala, ba mai sanin na wane ne. Sunan Haskell yana nan manne a jikin ƙofarmu a ɗan farin ƙarfe. Mama ta tsaya a gabansa da makulli a hannu, ta gyara hula, ta yi wa sunan wani irin kallo da ban taɓa ganin ta yi wa mutumin da kansa ba.

A dokin ƙofar akwai kwali, kamar na takalmi amma ya ɗan fi girma, an ɗaure shi da igiya tsaf.

"Ga tsarabarmu," in ji Kawu Ovila. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka, ya saƙale a hammata. "Da nauyi kuwa. Farfesa, in barasar Ingilishi ce mu raba, in littafi ne na bar maka."

"Ajiye masa kayansa, Ovila, gobe in kai masa," Mama ta ce tana murɗa makulli. "Mantuwa suka yi. Matar Haskell ba ta da kai. Ko yau ina da tabbacin tana can Lachine gidan ƙanwarta, ba ta fasa Alhamis ko da gari zai ƙone."

Kwalin kofunan ya suɓuce daga hannuna.

"Kawu! Ajiye kwalin nan! Ajiye shi ka gudu!"

Kawu ya juyo yana murmushi, yana zaton wasa ne. Aurèle kuwa ba kwalin ya kalla ba, fuskata ya kalla. A cikin kallon nan ɗaya na ga ya tattara duk tambayoyin da nake yi masa tun hunturu. Ya hankaɗa Mama cikin gidan da kafaɗa, ya miƙa hannun dama zai fizge kwalin.

Ban ji ƙarar ba. Mutane suna cewa har gaɓar kogi an ji, ni ban ji ba. Wani farin haske na gani, sai wani abu kamar ƙofar mota ya doke ni a ƙirji, na tsinci kaina kwance a tsakiyar titi ina kallon sama. Gashin tsuntsu na cikin matasan kanmu yana saukowa a hankali. Bakina cike da ƙasa da jini. Kunnena yana wani siririn kuka, kuma ko'ina mutane suna buɗe baki ba sauti.

Na rarrafa a kan gilashi. Barandar babu ita. Ƙofar ta tsage biyu, rabi yana lilo. Kawu Ovila yana kwance a kan matakala, kansa a ƙasa ƙafafunsa a sama, kuma daga kafaɗarsa ta hagu zuwa ƙugu babu abin da zan iya kira jiki. Fuskarsa ba ta taɓu ba. Gashin bakinsa ma yana nan a murɗe yadda ya murɗa shi da safe. Mutumin da ya koya min hawa keke. Jininsa yana bin matakalar yana ɗiga a kan bahon robarmu na wanka, wanda Mama ta ce a taho da shi ko don wanki.

Aurèle yana zaune jingine da murhu, tabarau babu, fuskarsa duk tsagar gilashi. Ya ɗaga hannun dama yana kallonsa kamar wani ne ya ba shi ajiya. Babban yatsa ne kaɗai ya rage. Jini yana tsartuwa, yana tsayawa, yana sake tsartuwa. Na fizge igiyar wuyansa na ɗaure masa dantse, na ja da haƙorina har na ji haƙorin ya motsa. A lokacin ne kunnena ya buɗe, kuma abin da na fara ji muryar Mama ce daga cikin gidan.

"Ovila! Ovila, ka amsa min!"

Ta fito da rarrafe, jini yana zuba daga kunnenta yana shiga wuyan rigarta. Ta ga yayanta. Ba ta yi ihu ba. Ta kama takalminsa ta rungume, tana cewa, "Tashi mana, ba mu gama sauke kaya ba." Wata maƙwabciya da ban san sunanta ba ta jawo labulenmu daga kwali ta rufe shi. Wani yana amai a bakin kwata. Jiniya tana tahowa, amma motocin ƙaura sun toshe layin, sai da maza suka ɗaga wata kujera da firji suka jefar gefe kafin motar asibiti ta samu hanya.

A asibiti suka ɗinke min goshi, suka cire gilashi daga gwiwoyina. Rediyon teburin masu jinya yana kunne, sai ga sanarwar da aka karanta wa gidan rediyo ta waya. Wai 'Ya'yan Kogi sun kai wa wakilin jarin Ingilishi hari a gidansa, domin ma'aikatan Quebec su san suna da masu rama musu. Wata nas ta kai hannu ta kashe. Mai rabon burodi suka kashe, wanda ko gaisuwa bai iya da Ingilishi ba.

Wani sufeton 'yan sanda mai furfura ya zo, hularsa a hannu. "Malama Thibodeau, maƙwabta sun ce kin yi ihu kafin abin ya tashi. Me kika gani?"

"Kaina yana juyawa."

"Ba komai. Ina nan kan bencin can, ba inda za ni."

Da la'asar suka bar ni na ga Aurèle. An naɗe hannun ya zama dunƙule, an rufe ido ɗaya. Na tsaya a bakin gadon na kasa taɓa shi.

"Kin san wani a cikinsu," ya ce, muryarsa a shaƙe da magani.

Na juya fuskata ga bango.

"Ban tambaye ki suna ba. Mama fa?"

"Tana raye. Kai ka ture ta."

"Kawu?"

Na girgiza kai. Hawaye ya gangaro daga idon da yake buɗe.

"Abin da na gaya miki a mota daidai ne, Solange. Wannan bai amfane su da komai ba, ko kaɗan. Na zauna na rubuta abin da mai hankali zai yi in yana wurinsu, ban taɓa tambayar wa ke cikin ɗakin ba, ko me ya ci masa rai da safe. Kin dogara da maganata, ko?"

"Na dogara da ita don ina son ta zama gaskiya."

"Ni ma." Ya rufe idon. "Ki duba aljihun wandona, kada masu wanki su tafi da zoben goggo."

Na fito ina layi kamar mashayiya. A bakin matakalar baya wani ya ja hannuna ciki. Gaétan ne. Ya je tsohon gidanmu da yamma zai yi wa Mama ban haƙuri, maƙwabta suka gaya masa inda muka koma da abin da ya faru.

Ban san ina da irin wannan ƙarfin ba. Na cire takalmina na dinga kwaɗa masa a fuska. Na ja gemun nan har ya cika min hannu. Na buga kansa da bango, hancinsa ya fashe, jini ya wanke masa riga, bai ko ɗaga hannu ya kare ba. Sai da numfashina ya ƙare na zube a kan matakala.

"Ɗaya ga Mayu!" na ce. "Ɗaya ga Mayu, jaki! A garin nan aka haife ka! Wane mahaukaci ne yake ajiye kwali a ƙofar mutum ranar ƙaura?"

"'Yan Ingilishi ba sa ƙaura!" Yana kuka yana haɗiye jini. "Ba sa haya, Solange, gidajen nasu ne! Mu ne muke yawo da katifa duk shekara. Haka muka sani, haka kowa ya ce a ɗakin."

"Ɗan haya ne kamar uwarka! Albashi yake ɗauka!"

"Ban sani ba. Me ya sa ba ku gaya min ba? Na tambaye ki a waya!"

Wannan ta shige ni kamar wuƙa, amma ban bar shi ya gani ba. "Ka ce kun yi nazari. Wane nazari? Me ya sa shi?"

Ya goge hanci da hannun riga. "Ba shi ba ne da farko. Hedikwatar wani kamfani ce a tsakiyar gari. Normand, shugabanmu, ya je ya ga masu gadi biyu a ƙofa, ya dawo yana cewa lokaci bai yi ba. Sai wani ya ce tsoro ya ji. Suka kusa dambe. Ga ranar ma'aikata ta zo, ga kaya an haɗa, ba wanda yake so ya kwana da shi a ƙarƙashin gado. Normand ya ce wa ya san wani wuri marar gadi. Ba wanda ya kawo ko ɗaya. Ni ne sabo, kullum ni ake aike sayen taba, ban taɓa faɗin magana an saurara ba." Ya sunkuyar da kai. "Sai na ce na san wani."

"Saboda mari."

"Aka ce a ɗaga hannu. Na ga biyu ba sa so, amma ba wanda zai yarda a ce shi ne matsoraci. Dalilin da kika ji a rediyo, bayan an ajiye kwalin aka zauna aka rubuta shi."

Masu karatu, kun ji yadda aka yanke wa Kawu Ovila hukunci. Ni da na ɗauka wasu masu zurfin tunani ne suke zaune da taswira.

"Shi ke nan ai," na ce. "Yanzu kun gani. Kun daina."

Ya kawar da fuska. Na kama haɓarsa na ɗago.

"Gaétan. Kun daina?"

"Normand ya ce yanzu ne ba za a daina ba. Akwai wasu yara a gabashin gari, su ma suna da tasu ƙungiya, tun ɗazu suke mana dariya, wai masu kashe mai burodi. Ya ce in muka tsaya a nan, mutanenmu za su koma wajensu. Dole a yi wani babba ranar Asabar, wanda zai sa a manta da wannan. Babban kantin nan na tsakiyar gari. Ya ce za a buga waya a gargaɗe su."

"Ranar Asabar. Ranar da kowace uwa take can da 'ya'yanta."

"Zan yi magana da su. Ki ba ni lokaci."

"Kai da ake aike sayen taba?"

Ƙofar matakalar ta yi ƙara. Mama ce tsaye da rigar asibiti, kanta naɗe da bandeji, ƙafarta ba takalmi. Ban san tun yaushe take wurin ba, amma fuskarta ta nuna ta ji abin da ya isa. Ta sauko a hankali tana dafa bango. Ta tsaya a gaban Gaétan, ta ɗaga hannu ta mare shi, marin da sai da ya faɗa kan gwiwa. Sannan ta jawo kansa ta manna a cikinta, ta riƙe da hannu biyu.

"Da ma na ɗago kaina daga keke ranar nan," ta ce, ba da kowa take ba. Sai ta dube ni. "Ba ki ga komai ba, Solange. Kwalin ne ya yi miki kama da wani abu, kika yi ihu. Shi ke nan abin da za ki ce."

"Mama, Kawu yana ƙasa cikin firjin gawa."

"Yayana ne, kada ki koya min kukansa! Na rasa shi yau. Ba zan rasa ɗana gobe ba. In suka kulle shi sai dai gawarsa ta fito. Ki auri yaron can, ki zama hannunsa, ki yi masa komai har ki mutu, ni ma zan yi masa. Amma bakinki ya rufu."

"Ranar Asabar fa?"

"Ban san su ba. Wannan na sani."

Gaétan ya ɗago daga jikinta yana kallona da idon nan nasa na yarinta, na lokacin da nake wanke masa ƙafa a kicin Mama tana aikin dare. Ina son yaron nan, Allah ya sani. Da za a ce in ba da hannuna a madadinsa, da na miƙa ba gardama. Amma ba nawa hannun ake nema ba, na wasu ne da ba su san ana shawara a kansu ba.

Na saka takalmina, jininsa yana jikin dunduniyar. Na hau matakala na kama ƙofar.

"Solange," Mama ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "In kika fita ƙofar nan da abin da nake gani a idonki, ba ki da uwa."

"Na ji, Mama." Na juya ga ƙanena. "Sufeton yana kan benci a ƙarshen barandar nan. Zan je in gaya masa sunanka, da sunan Normand, da maganar Asabar, ba zan rage ko ɗaya ba. In kana so ka gudu, ga matakala nan. In kana so ka riga ni faɗa da bakinka, tashi mu tafi tare, zan riƙe maka hannu. Amma ko da kai ko babu kai, yanzu zan faɗa."